Nicolas Steno: Likitan Da Ya Koya Wa Masana Bambanta Haƙori Da Dutse

A watan Yulin 2024, motar binciken nan ta hukumar NASA ta Amurka mai suna Perseverance ta ci karo da wani dutse mai ɗige-ɗige kamar fatar damisa a kwarin Jezero na duniyar Mas. Tun daga lokacin masana ke tafka muhawara a kan ko wasu ƙananan halittu ne da suka rayu shekaru biliyoyi da suka wuce suka bar wannan tabo, ko kuwa ma'adinai ne kawai suka haɗu da ruwa suka yi zanen da ya yi kama da aikin mai rai. Tambayar tsohuwa ce, don ta girmi jiragen sama jannati da shekaru ɗaruruwa. Mutumin da ya fara shimfiɗa mata ƙa'idoji a rubuce wani likita ne ɗan ƙasar Denmak mai suna Niels Stensen, wanda duniyar ilimi ta fi sani da Nicolas Steno. Shekaru kaɗan ya yi yana nazarin duwatsu, sannan ya ajiye su ya rungumi aikin coci har ƙarshen ransa.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Steno a birnin Kopenhegan ranar 11 ga Janairun 1638, bisa kalandar da ake amfani da ita a yau. Mahaifinsa, Sten Pedersen, maƙerin zinariya ne da ke yi wa fadar sarki aiki, kuma iyalin mabiya ɗariƙar Luta ne, kamar sauran jama'ar ƙasar. Yaron ya yi fama da doguwar jinya tun yana ɗan shekara uku, abin da ya raba shi da wasan tsara ya bar shi a gida yana sauraron hirar manya. Mahaifin ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ta sake auren wani maƙerin zinariyar, saboda haka a tsakanin zuga-zugi da ma'aunai da narkakken ƙarfe ya girma. A 1654 annoba ta auka wa birnin ta kashe ɗalibai sama da 200 a makarantarsu, shi kuwa kwanansa na gaba.

A 1656 ya shiga Jami'ar Kopenhegan don karatun likita a hannun Thomas Bartholin, ɗaya daga cikin fitattun masana sassan jikin ɗan Adam na zamanin. Yaƙi da ƙasar Suwidin ya dagula karatun, domin dakarunta sun yi wa birnin ƙawanya daga 1658. Da hanya ta buɗe, sai ya nufi ƙasar Holand.

Wuƙar fiɗa

A Amsterdam, cikin 1660, ya sauka a gidan wani malami mai suna Gerard Blasius. Bai daɗe ba ya sayi kan tunkiya don ya feɗe shi, kuma yana cikin zura siririn ƙarfe a wata kafa ta gefen kumatu sai ya ji ƙarfen ya bugi haƙori. Ya gano ke nan bututun da ke kawo miyau cikin baki daga ƙullutun naman da ke gaban kunne. Blasius ya fara raina abin, daga baya kuma ya yi iƙirarin shi ya gano shi. Rigimar ta ɗauki shekaru, amma malaman Jami'ar Leiden, inda Steno ya koma, sun tsaya masa, kuma har yau ɗaliban likita da sunansa suke kiran wannan bututu.

A Leiden ya nuna cewa hawaye daga wasu ƙullutai na gefen ido suke fitowa, alhali da yawa a lokacin sun ɗauka daga ƙwaƙwalwa suke gangarowa. Ya kuma nuna cewa zuciya tsoka ce kamar sauran tsokar jiki, saɓanin tsohon ra'ayin da ke ɗaukar ta wata murhu mai hura zafin rai. A can ya saba da masanin falsafa Spinoza. Ya koma gida a 1664 da fatan samun kujerar farfesa, sai aka ba wani ɗan'uwan malaminsa Bartholin. A shekarar ce kuma mahaifiyarsa ta rasu, ya tattara abin da ya gada ya sake barin ƙasar.

A Paris, cikin 1665, ya gabatar da lacca a kan ƙwaƙwalwa wadda ta ƙara masa suna. A ciki ya rushe bayanin da René Descartes ya yi game da wani ɗan ƙulli da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, wanda Descartes ya ɗauka mahaɗar rai da jiki, domin siffar da aka zana a littafi ta saɓa wa abin da wuƙa ta buɗe. Ɗabi'arsa ke nan a ko'ina: gani ya kori ji, kuma girman sunan marubuci ba ya hana shi sake duba naman da ke gabansa.

Kan kifin Livorno

A 1666 ya isa Fulorens ta ƙasar Italiya, inda mai mulkin yankin Tuskani, Ferdinando na Biyu na gidan Medici, ya karɓe shi ya yanka masa albashi. A watan Oktoban shekarar masunta suka kama wani ƙaton kifin shak kusa da tashar jiragen ruwa ta Livorno. Ferdinando ya ba da umarni a sare kan a kai wa baƙon likitansa.

Da Steno ya buɗe bakin kifin, haƙoran suka ɗauke masa hankali: jeri bayan jeri, masu kusurwa uku, gefensu kamar zarto. Ya san wannan siffa. A duk faɗin Turai ana sayar da wasu duwatsu da ake kira harsunan dutse, waɗanda aka fi haƙowa a tsibirin Malta. Mutane na rataya su a matsayin laya, wasu na tsoma su a abin sha don karya guba. Pliny, marubucin Rum na dā, ya rubuta cewa daga sama suke faɗowa. Mutanen Malta na danganta su da Bulus, manzon Kiristoci, wanda jirginsa ya tarwatse a tsibirin. Manyan malaman zamanin kuwa, irin su Athanasius Kircher, sun tafi a kan cewa ƙasa na da wani ƙarfi na ƙera siffofi a cikinta, don haka dutse mai kama da haƙori ko katantanwa a cikin dutsen ya tsiro.

Wannan ra'ayi yana da hujjarsa. Kowa ya ga yadda gishiri ke daskarewa ya fitar da 'yan ƙwayoyi masu kusurwa daidai wa daida, an kuma san tsakuwa na tsirowa a cikin koda ko mafitsara. Idan ƙasa na iya ƙera ma'adini mai tsari haka, me zai hana ta ƙera siffar haƙori? Ga kuma wata matsalar: ana samun ɓawon katantanwar teku a kan tsaunuka masu nisa da gaɓa, can cikin dutse mai tauri. Wa ya kai su, kuma ta ina suka shiga? Tun kafin Steno an sami masu cewa ragowar halittu ne. Ibn Sina da al-Biruni sun yi magana a kan ƙasashen da teku ya taɓa rufewa, Leonardo da Vinci ya rubuta haka a littattafansa na ajiya, Fabio Colonna kuma ya ce harsunan dutse haƙoran shak ne tun 1616. Abin da ya rage shi ne hanyar tabbatarwa wadda kowa zai iya bi ya isa wuri ɗaya.

A rahoton da ya buga a 1667, Steno ya bi matsalar daki-daki, cikin taka-tsantsan. Saiwar bishiyar da ta tsiro a tsagar dutse takan lanƙwashe ta bi siffar tsagar, amma harsunan dutse siffarsu ɗaya ce ko a ƙasa mai laushi ko a mai tauri, wanda ke nuna ƙasar ba ta matse su suna girma ba. Waɗanda ake haƙowa kuma alamun lalacewa ake gani a jikinsu, babu alamar sabon tsiro. Yawansu a Malta bai zama abin mamaki ba ga wanda ya ƙirga haƙoran kifi ɗaya. Game da cewa sinadarinsu ya bambanta da na sabon haƙori, ya yi bayanin cewa ƙananan ƙwayoyin abu na iya ficewa wasu su maye gurbinsu sannu a hankali, siffar kuwa ta zauna yadda take.

Ƙa'idojin 1669

Daga nan ya shafe watanni yana yawo a tsaunuka da ma'adinan Tuskani. Sakamakon shi ne wani ɗan littafi da harshen Latin da aka buga a Fulorens a 1669, wanda ake taƙaita sunansa da De solido. Tambayar da ya ɗora littafin a kanta ita ce: idan aka sami wani daskararren abu a cikin wani daskararren, yaya za a gane daga jikinsa inda ya samu da yadda ya samu? Da wannan tambaya ya haɗa haƙori da katantanwa da ma'adini da jijiyar ƙarfe a faifai ɗaya, don a auna su da mudu ɗaya.

Ƙa'ida ta farko ta shafi wanda ya riga wani daskarewa. Duk wanda ya taɓa ganin sawun akuya a daɓen siminti ya san kofaton ya riga simintin tauri. Haka idan dutse ya ɗauki zanen katantanwa har da 'yan layukan bayanta, to katantanwar ta riga shi, kuma shi laka ne ko yashi a lokacin da ya rufe ta. Jijiyar ma'adinin da ta bi lanƙwasar tsaga kuwa, daga baya ta zo ta tarar da dutsen.

Ta biyu ta shafi kama. Abubuwa biyu da suka yi daidai a fuska da kuma tsarin ciki, hanyar samuwarsu ɗaya ce. Sharaɗin ciki shi ne ƙashin bayan maganar, domin kama da wane ba ta wane. Dole a fasa abin a ga ko yana da falle-falle da zare-zare irin na ɓawon da dabba ta gina.

Ta uku ta shafi girma. Ya nuna cewa kiristal, wato ma'adini mai fuskoki da kusurwoyi, daga waje yake ƙaruwa, ruwan da ke kewaye da shi na ɗora masa sabon abu a kan fuskokinsa. Ya lura cewa a ma'adinin kwaz fuskokin na iya faɗi ko tsukewa, amma kusurwar da ke tsakaninsu ba ta canzawa. A yau an san cewa gefunan dogon kiristal ɗin kwaz a kan digiri 120 suke haɗuwa, ko daga wace ƙasa aka haƙo shi, kuma ana kiran wannan doka da sunan Steno. Ɓawon katantanwa kuwa dabbar da ke ciki ce ke gina shi, tana ƙara masa baki kaɗan-kaɗan, shi ya sa tarihin girmanta ke rubuce a jikinsa.

Daga nan ya juya ga duwatsun kansu. Idan dutsen da ya rufe katantanwa laka ne a dā, to shimfiɗun da ake gani hawa-hawa a jikin tsauni laka da yashi ne da suka kwanta a ƙarƙashin ruwa. Saboda haka ta ƙasa ta girmi ta sama. Kowace shimfiɗa a kwance ta fara, don haka wadda aka tarar a karkace wani abu ne ya motsa ta daga baya. Kuma kowace ta bazu ta ko'ina har sai da ta ci karo da abin da ya tare ta, don haka shimfiɗu iri ɗaya a gefuna biyu na kwari a dā haɗe suke. Da waɗannan ya tsara tarihin ƙasar Tuskani a matakai shida, inda teku ya rufe ta sau biyu. Ya daidaita rufewa ta biyu da Ruwan Ɗufana na zamanin Annabi Nuhu, domin kamar mutanen zamaninsa ya ɗauka shekarun duniya dubbai kaɗan ne. Waɗanda suka zo bayansa da ƙa'idojinsa suka yi aiki har suka gano tsawon zamanin ya wuce haka nesa ba kusa ba. Da su ne kuma ake karanta duwatsun farar ƙasa na Kalambaina kusa da Sakkwato, waɗanda ɓawon halittun ruwan da ke cikinsu ke shaida cewa teku ya taɓa kwanciya a wurin.

An fassara littafin zuwa Turanci a 1671, kuma bai wuce ba tare da suka ba. Martin Lister, masanin katantanwa a Ingila, ya nuna cewa da yawa daga cikin siffofin da ke duwatsun ƙasarsa ba su yi daidai da kowace halitta mai rai da aka sani ba. Sukar ta taɓa inda ƙa'ida ta biyu ke da rauni, domin kwatanci na buƙatar abin kwatantawa. Ba a warware wannan ba sai ƙarshen ƙarni na 18, da aka tabbatar cewa akwai jinsunan halittu da suka ƙare ƙaf.

Daga dutse zuwa coci

Steno ya kira littafin share fage ne ga wani babban aiki da zai biyo baya, amma babban aikin bai fito ba. Tun ranar 2 ga Nuwamban 1667 ya bar ɗariƙar Luta ya shiga Katolika, bayan dogon nazarin littattafan addini. Matakin ya rufe masa ƙofar zama farfesa a ƙasarsa. Ya koma Kopenhegan a 1672 a matsayin masanin fiɗa na sarki, ya yi shekara biyu cikin takura da jayayyar addini, sannan ya komo Fulorens ya zama malamin ɗan Cosimo na Uku, magajin Ferdinando.

A 1675 aka naɗa shi limamin coci, a 1677 kuma aka ɗaga shi zuwa bishop aka tura shi arewacin Jamus, inda 'yan Katolika tsiraru ne. A Hanover ya haɗu da masanin lissafi Leibniz, wanda ya yaba iliminsa na kimiyya ya kuma yi takaicin barinsa. Daga 1680 ya yi aiki a Münster, ya bar ta a 1683 saboda ƙin amincewa da yadda kuɗi da siyasa suka shiga zaɓen sabon bishop. Ya zauna a Hamburg, daga nan ya wuce Schwerin. A waɗannan shekaru ya ƙuntata wa kansa da yawan azumi da tsummokaran tufafi, har ya sayar da zobensa na bishop ya ba matalauta kuɗin. Ya rasu a Schwerin ranar 5 ga Disamban 1686 bayan matsanancin ciwon ciki, yana da shekara 48. Cosimo na Uku ya sa aka kai gawarsa Fulorens aka binne a cocin San Lorenzo. A 1881 mahalarta taron masana duwatsu na duniya da aka yi a Bologna suka ziyarci kabarin, daga baya aka kafa allon tunawa, a 1988 kuma Fafaroma John Paul na Biyu ya sanya shi cikin masu albarka na cocin Katolika.

Tambayarsa a wasu duniyoyi

Kuskuren da ya yi gargaɗi a kai bai gushe ba bayansa. A 1865 John William Dawson na Jami'ar McGill ta Kanada ya sanar da gano halitta mafi tsufa a duniya a wasu duwatsu masu layi-layi, ya raɗa mata suna Eozoon. Wasu masana biyu a Ireland suka ce ma'adinai ne zalla. A 1894 aka sami irin wannan zane a duwatsun farar ƙasa da zafin dutse mai aman wuta na Vesuvius ya gasa, wanda ya nuna zafi kaɗai ya isa ya yi shi. Dawson bai sauka daga ra'ayinsa ba har ya rasu a 1899.

A watan Agustan 1996 masanan NASA ƙarƙashin David McKay suka sanar cewa wani dutse da ya faɗo daga Mas, wanda aka tsinta a Antaktika a 1984 aka sa masa lamba ALH84001, yana ɗauke da abin da zai iya zama burbushin ƙwayoyin halitta. Har Shugaba Bill Clinton sai da ya yi jawabi a kai. Daga baya aka haɗa makamantan ma'adinan da ke cikinsa a ɗakin gwaji ba tare da wani mai rai ba, kuma yawancin masana ba su gamsu da iƙirarin ba. A 2004 motar Opportunity ta tarar da dubban 'yan dunƙulallun duwatsu kamar ƙwai a Mas, bincike ya nuna ma'adinin ƙarfe ne da ya taru a cikin jiƙaƙƙen dutse.

Aikin masanan yau ya fi na Steno wuya ta fuska biyu. Shi yana da kan kifi a kan teburinsa, su kuwa ba su da wata halittar Mas mai rai da za su kwatanta da ita, wato matsalar da Lister ya tayar ta dawo. Haƙori kuma siffa ce mai sarƙaƙiya da ma'adini ba ya iya kwaikwaya, alhali ƙwayoyin halitta dunƙule ne ko zare, siffofin da ma'adinai ke yi cikin sauƙi. Shi ya sa ba a yarda da siffa ita kaɗai. Ana tambayar ko dutsen ya samu ne a wurin da rai zai iya zama, ko siffar ta riga dutsen ko daga baya ta shiga, me ke cikinta, kuma ko akwai wata hanya marar rai da za ta iya samar da ita. Uku na farko tambayoyin 1669 ne, an dai ƙara musu na'urorin auna sinadarai.

Ƙa'idar shimfiɗu ma ta bar duniyar nan. A 1962 Eugene Shoemaker da Robert Hackman suka yi amfani da ita wajen jera shekarun sassan wata, ta duba wane rami ne ya zuba ɓaraguzansa a kan wane. Motar Curiosity, wadda ta sauka a kwarin Gale na Mas a 2012, tana hawan wani tsauni ne daga gindi zuwa sama don ta karanta tarihinsa daga tsohuwar shimfiɗa zuwa sabuwa. Akwai rami mai sunan Steno a Mas, akwai a wata, kuma 'yan sama jannatin Apollo 17 sun ɗebi duwatsu kusa da wani ƙaramin rami da suka raɗa wa sunansa a watan Disamban 1972. Dutsen mai fatar damisa kuwa, Perseverance ta huda shi ta rufe samfurinsa a cikin bututun ƙarfe, yana jiran ranar da za a kawo shi ɗakin gwaji a duba cikinsa.